Baiwata Zuwaira da Alkyabbar Magajiya

Labarin da ya isa Malumfashi, wanda har yau akwai tsofaffin da ba su sake shi ba, shi ne wai Zuwaira ta sayi layar zana a hannun wani boka Basine, mutumin ƙasar Sin, a Riyad. Wai gemunsa gashi uku ne rak, wai ya girmi kukar bakin kasuwa, wai da tsinke yake cin tuwo. Wai tun da ta ɗaura layar nan a damtse take ratsa bango, sai a ji ƙamshin kunun kanwa a gidan mutum, a duba ba kowa. Wata ma ta rantse da kabarin kakarta cewa ta ga bokiti yana hawa bene shi kaɗai a unguwar Shumaisi ta Riyad, yana ta tururi.

To jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ni Ɗanbala, ɗan kawunta, ni na tuƙa ta shekara da shekaru, kuma ina shaida muku ba a yi layar da za ta ɓoye Zuwaira ba tukuna. Matar da in ta zauna a bayan mota sai gaba ya ɗaga kamar jirgi zai tashi? Sai dai a tara layun garin nan duka a ɗinke su wuri guda. Basinen kuwa ba boka ba ne, ba ma namiji ba ne, wata 'yar tsohuwa ce da za ku ji labarinta. Maganar bokiti ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya, domin ni ne a ƙarƙashinsa. Gajarta ce ta sa ba a gan ni ba.

Uwar Zuwaira ƙanwar ubana ce. Ke nan ni ɗan namiji, ita 'yar mace, a dokar taubasai baiwata ce halak malak, ko alƙali ba ya ƙwace ta. Don haka duk abin da na faɗa a kanta ba ta da kotun zuwa.

Wanda ya san ta a Riyad kawai ba zai yarda ba, amma a yarinta ba a taɓa yin mai son a sani irinta ba. In ta share tsakar gida sai ta bi ɗaki ɗaki tana tambaya an gani? In ta ɗebo ruwa sai ta dire tulun da ƙarfi don a ji. Ranar da ta dawo daga makarantar jinya ta Katsina da farar riga da 'yar hula kamar marfin langa, sai da ta ratsa kasuwa ta dawo ta sake ratsawa, wai ta manta ba ta sayi gishiri ba. Gwaggo, wato uwarta, ta yi faɗa, malamin allonmu ya yi wa'azin riya har muryarsa ta dushe, duk a banza. Ni da na tsaya a aji huɗu, ita ce ta fara sa mini suna Farfesa.

Ta auri Musbahu, injiniyan wuta, mutum mai sanyi kamar randar ƙasa. A tamanin da biyu ya sami kwangilar aiki a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad, ya taho da ita, ita kuma wani asibitin kuɗi a Shumaisi ya ɗauke ta a ɗakin haihuwa. A can ta haɗu da Lin, ungozoma daga Taiwan, 'yar firit, wadda in ta tsaya kusa da Zuwaira sai ka ce cokali da tukunyar biki. Mu dai Iya Lin muke ce mata. Su biyun suna magana da wani irin yare na asibiti, rabi Turanci, rabi Larabcin kasuwa, sauran da hannu.

Zuwaira ce ta ba ni labarin nan da bakinta, don lokacin ina Jidda. Wata rana aka kawo wata Balarabiya haihuwa ta zo mata da gardama. Tun safe su biyu ke kanta, gumi har cikin takalmi, sai dab da la'asar Allah ya kawo sauƙi. Likita ya shigo a ƙarshe ya duba, ya ce mabruk, wato barka, ya fita. Dangin matar suka yi caa a kansa, wannan ya sumbaci goshi, wancan ya kawo agogo. Zuwaira ta tsaya a bakin ƙofa ta gyara hula, ta yi tari, ta sake yin tari. Ko kallon banza ba ta samu ba. Ta koma ciki tana huci, ta tarar da Iya Lin tana wanke almakashi tana 'yar waƙarta.

Ta ce, "Ke ba ki da zuciya ne? Mu muka yi aikin nan!"

Iya Lin ta ja ta bakin taga. Lokacin Riyad duk inda ka juya gini ake yi. Ta nuna mata wani bene da ba a gama ba, an kewaye shi da ƙarafa da katakai na hawan magina. Ta ce kakanta aikinsa ke nan a ƙasarsu, da gora yake ɗaura irin wannan. Mutumin tsohuwar koyarwarsu ne da suke kira Tawo, wato Hanya, masu cewa mutum ya yi aikinsa ya ƙanƙan da kai, kada ya tsaya jiran tafi. Kakan yakan ce ba gidan da zai tashi ba tare da gorarsa ba, amma ranar da gida ya kammala, alherin da gora za ta yi masa na ƙarshe shi ne ta sauka. In ta ce sai ta zauna don a san ita ta yi, ta tare taga, ta tare ƙofa, masu gida sun shiga uku.

Zuwaira ta ce, "To ni ba gora ba ce. Ni 'yar Malumfashi ce."

Iya Lin ta ce, "Mafi mushkila," wato ba damuwa, ta ci gaba da wankin almakashinta.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta tafi a banza kamar wa'azin malam. Sai Zuwaira ta haihu. Haihuwar fari, a ƙasar mutane, ba uwa ba kaka, Musbahu kuwa ko ruwan shayi in ya dafa sai ya ƙone. A gida da yanzu ana kan jan ta zuwa bayan ɗaki safe da yamma, ga ganye, ga tafasasshen ruwa, ga kunu, ga ƙauri. A nan sai ita da bango da kukan jinjiri. Ta ce ranar da aka sallame ta ta zauna a ƙasan kicin ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar ubanta, kuma ta gwammace ta mutu da a ji a gari cewa Sista Zuwaira ba ta da gata.

Sai ta fara jin ƙwanƙwasa ƙofa. In ta buɗe ba kowa, sai tukunya a ƙasa, kaza da citta da man riɗi, zafi har yana ƙona hannu. Kullum haka. Da ta gaji sai ta laɓe, ta yi caraf ta kama hannun Iya Lin tana shirin sulalewa. Ashe su ma suna da jegonsu, wata guda cur. Sai dai nasu dokarsa mai jego ba ta taɓa ruwa, mu kuwa namu dokarsa a dafa ta kamar kaza. A kan wannan suka yi musu har suka rabu ba wadda ta sallama. Amma da Zuwaira ta buɗe baki za ta yi godiya, tsohuwar ta toshe kunne da yatsu ta gangara bene da gudu. Zuwaira ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne, da matar nan ta zauna an gode mata, da ba ta iya sake karɓar tukunyar ba don kunya. Saboda ba a tsaya ba ne ta ci ta ƙoshi.

Na taɓa ce mata, "Wato malam ya faɗa miki da Larabci da Hausa ba ki ji ba, sai da aka faɗa miki da Sinanci?"

Ta ce, "Malam da bulala ya faɗa. Ita da kaza."

Ni na iso Riyad lokacin da aka kwaso ofisoshin jakadanci daga Jidda, ina tuƙa iyalin wani babban ma'aikaci a unguwar Nasiriya. Na zo na tarar baiwata ta riga ta buɗe sana'ar da ba riba. Duk matar ɗan ƙasarmu da ta haihu ba kowa nata a kusa, Zuwaira na da labari, tunda ko ba a asibitinsu aka haihu ba, nas nas ce, suna jin juna. In tana aikin rana ta je da sassafe, in tana na safe ta je bayan la'asar. Ta dafa ruwa, ta yi wa mai jego wanka, ta gasa wa jinjiri cibi, ta dama kunu, ta wanke zannuwan da ko miji ba ya so ya gani. Da yake ma'aikaciya ce, ruwanta ba ya saɓule fata, kanwarta 'yar kaɗan ce, kuma abin awon jini na cikin jakarta. Wata tsohuwa da ta zo Umara ta taɓa ruwan ta ce wannan ai na alwala ne. Zuwaira ta ce, "Iya, haihuwa ta yi, ba laifi ba."

Mata ba sa tuƙi a garin, Musbahu kuma yana fita tun duhu. Sai ya roƙe ni. In na sauke yaran Oga a makaranta sai in ce zan kai mota wanki. Ba a taɓa yin motar da ta sha wanki a baki irin wannan ba. Ganye kuma akwai bishiyar bedi guda, darbejiya in ji Kanawa, a bayan gidan Oga, wadda wani mai lambu ɗan Sudan ya shuka. Na yi mata aski har Madam ta ce ko fari ne suka sauka. Haka muke tafe, baiwa a baya ta hakimce cikin abaya, ubangida a gaba yana tuƙi da ganye a ƙarƙashin kujera. Duniya ta juya.

Dokarta uku ce ko huɗu, ban riƙe ba, amma babbar ita ce kada a faɗa wa kowa. Ba ta karɓar ko turare. Kafin maigida ya gama gyara murya zai yi godiya, ta kai mota tana ce mini yalla, wato mu tafi. Ranar arba'in ta yi wankan ƙarshe, shi ke nan, in kun haɗu a biki ta gaishe ki kamar yau ta fara ganinki. Don haka kowace mace ta ɗauka ita kaɗai aka yi wa, ta rufe bakinta, asirinta a rufe. Wasu mazan har cewa suke yi a majalisa wai wata gwaggon matar ce ta zo daga Makka. Gwaggon nan ta Makka ta yi yawo a Riyad!

Ni abin yana ci mini rai. Na ce, "Baiwa, mutum ya yi ta zuba ruwa a rairayi? Ko a rediyo a faɗe ki mana."

Ta ce, "Farfesa, kalli hanya."

Abin da ita da Iya Lin da kakanta mai gora ba su lissafa ba shi ne Bahaushe. Ka hana shi godiya da baki, ka hana shi da kyauta, to yana da wata ƙofar: ranar suna. Kuma tunda mutanenmu ba sa kiran sunan wanda suke jin nauyi, sai a raɗa suna a masallaci a dawo gida ana kiran yarinya Ummi ko Mama ko Walida. Ita kanta Zuwaira ba ta zuwa suna, don kada a nuna ta. Ba ta san abin da ake shukawa ba.

Ƙaramar Salla ta tamanin da shida ƙungiyar mutanenmu ta kama wata istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar nan mai fili da katanga a tsakiya, maza gefe, mata gefe, yara kuwa ko'ina. Ana cikin cin shinkafa sai wata yarinya ta haye bakin tankin ruwa. Ubanta Jibrin ya hango, tsoro ya sa ya manta da alkunya, ya daka tsawa da sunan yanka: "Zuwaira! Sauko!"

Wallahi filin nan sai da ya tsaya. Yarinyar kan tanki ta juyo. Wata mai cin alewa ta juyo. Wasu biyu masu faɗa a kan balan-balan suka saki suka juyo. Wata da ko tafiya ba ta iya ba ta saki nono ta juyo. Ni a idona sun kai ɗari, Musbahu ya ce ban iya ƙirga ba. Maza suka fara kallon juna. Wani ya ce, "Kai ma?" Wani ya ce, "Ni namiji na samu, Zubairu na sa." Sai ga Zubairai ta ko'ina kamar an kaɗa bishiya. Ta bayan katanga kuwa muka ji guɗa ta tashi. Gwaggon Makka ta tonu.

Shugaban ƙungiya Alhaji Maikuɗi ne, babban akawu a wani kamfani, mutumin kirki, sai dai in ya ga lasifika jikinsa har rawa yake yi. Nan take ya miƙe ya ce wannan baiwar Allah ba za a bar ta haka ba. Za a naɗa ta Magajiyar Riyad, za a yi taro na musamman, za a ɗauka a kaset ɗin bidiyo a aika gida. Aka yi tafi. Ni na fi kowa, don na riga na ga kaina Direban Magajiya, har na fara tunanin irin hular da zan saya.

A mota ta ce wa Musbahu, "Ka je ka ce masa ba na so."

Musbahu ya je. Alhaji ya ce ai kunya ce irin ta mata. Ta aika ni. Ni kuma na isar da saƙo daidai yadda na fahimce shi, wato tana godiya. Da ta kira shi a waya da kanta ta ce, "Alhaji, don girman Allah a bar maganar nan," sai ya ce, "Hajiya, ai wannan tawali'un naki shi ya sa muka zaɓe ki." Ya sa aka sayo alkyabba a kasuwar Dira, baƙa mai zaren zinariya, wadda kuɗinta zai aurar da ni sau biyu.

Tun kafin a naɗa, sarauta ta fara aiki. In ta shiga gida sai a shimfiɗa darduma, a kawo lemo, mai jego ta tashi da ƙyar ta sa sabon zane ta zauna tana ranki ya daɗe. Zannuwan wanki a tura su ƙarƙashin gado. Wata ta ce ai ba ta isa Magajiya ta dama mata kunu ba. Matan manya kuwa, waɗanda ke da 'yan aiki har biyu, su ne suka fara aiko mota, kowace na so a ce Magajiya ce ta yi mata. Zuwaira ta daina magana a mota. Ni kuwa in Zuwaira ta yi shiru, tsoro nake ji.

Akwai wani Harouna, mutumin Maraɗi, mai gadin sito a Birnin Masana'antu, da matarsa Sailuba. Suna zaune a lungunan bayan Shumaisi, cikin tsofaffin gidajen ƙasa da ake raba wa iyali da yawa. Zuwaira ta san cikin Sailuba tun yana ƙarami, ta ce mata ko ina kika haihu ki aiko. Lokaci ya yi, shiru. Ta ɗauka ko lissafi ne ya kuskure.

Ranar naɗi, Juma'a bayan la'asar, istiraha ta cika. An yanka raguna, mai bidiyo ya kafa ƙafafun na'urarsa, Alhaji ya gwada lasifika har ta gaji. Magajiya ba ta zo ba. Musbahu yana zaune yana kallon takalminsa. Da aka matsa masa ya ce tun hantsi wata maƙwabciyar Sailuba ta zo ta faɗa mata magana a kunne, ta ɗauki jaka suka fita a tasi. Alhaji ya ɗora mini alkyabba a hannu biyu ya ce, "Ɗanbala, 'yar'uwarka ce. Ka sa mata wannan a can, ka kawo ta a cikinta. Kada ka dawo kai kaɗai."

Na sami Harouna a tsugune a zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Na ce lafiya? Ya ce Sailuba ta haihu tun makon jiya. Zazzaɓi ya rufe ta, ƙafa ta kumbura, jinjiri ba ya samun nono.

Na ce, "Kai kuwa me ya hana ka aikowa?"

Ya ce, "Malam Ɗanbala, da wane ido? Jiya Sista ce, yau Magajiya. Ni mai gadi in aika wa Magajiya ta zo ta wanke mini tsumma? Ko lemon da zan ba ta ba ni da shi. Sailuba ta ce gara ta mutu."

Daga zaure ana ganin tsakar gida. Ga murhun gas a ƙasa, ga tukunya tana tafasa, ga baiwata ta tuɓe abaya ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, hannu duk kumfa. Ta riga ta auna ta, ta ba ta magani, ta ce gobe da safe sai asibiti ko ana so ko ba a so. Saura wanka, a nan aka tsaya. Ina jin muryar Sailuba daga ɗaki, siririya kamar zare.

"Ranki ya daɗe, don Allah ki bari. Zan yi da kaina."

"Ke da ba ki iya tsayuwa? Wa ye ranki ya daɗe a nan? Da can me kike ce mini?"

"Yaya."

"To Yayar ta mutu ne?"

"Ai yanzu kin girma. Yau fa ake naɗa ki. Mutane na can na jiranki, ke kina nan cikin ƙazantata."

Na ga dama ta samu. Na yi gyaran murya na ɗaga alkyabba sama yadda zinariyar za ta kama rana. Na ce, "Gafara dai, Magajiyar Riyad, uwar Zuwairai da Zubairai, giwa mai wanka da bedi! Ga saƙon Alhaji. Raguna sun mutu dominki, lasifika ta yi zafi."

Ta juyo ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna. Ta taho tana share hannu a zane. Na ce a raina yau dai gora ta ga zinariya. Ta karɓa, ta warware ta, ta jinjina nauyinta, ta ce, "Kai, tana da kauri."

Banɗakin gidan nan na kowa da kowa ne, a kusurwar tsakar gida, ba ƙyaure, sai wani yagaggen buhu da iska ke wasa da shi. Dalilin da ya sa Sailuba ba ta ko iya watsa ruwa da rana ke nan. Zuwaira ta fizge buhun ta yar. Ta rataya alkyabbar Alhaji a kan ƙusoshin, ta ja gefe da gefe, ta sa dutse ta danne ƙasan. Ta rufe ƙofar ruf, zaren zinariya yana ta walƙiya a bakin masai.

Harouna ya miƙe tsaye ya ce, "La'ilaha illallahu."

Ta ɗaga murya yadda duk matan gidan da ke leƙe ta tagogi za su ji. "Sailuba, leƙo ki ga Magajiya. Ga ta can an naɗa ta, tana gadin banɗaki. Ni kuma Zuwaira ce, mai wankin tsumma. Za ki fito ko sai na ɗauko ki kamar buhun gero?"

Sai muka ji wani abu kamar tari, ashe dariya ce. Sailuba na dariya tana kuka tana cewa wayyo cikina, Yaya ki bari, ɗinkin zai buɗe. Matan gidan suka kwashe. Ni da Harouna muka juya baya muka fuskanci titi, muna jin takunsu a hankali har bakin zinariya, sannan muka ji ganye ya fara aiki, fat, fat, tururi yana tashi ta saman katanga. Wata mata ta ce daga taga, "Sista, ƙanwata ma watan gobe ne." Zuwaira ta amsa daga ciki, "Ki aiko. In kika shimfiɗa mini darduma na koma."

Da ta fito, jiƙe sharkaf, ta zo zaure neman ƙarin ganye, na ɗauko na cikin mota na riƙe. Ni kuwa hulata ta Direban Magajiya ta riga ta tashi a iska, ga Alhaji na jira, ga bidiyo na cin kaset. Na ce ba zan tafi ban rama ba.

Na ce, "Baiwa, ni fa na gane ki. Halin nan na nan, riga ya canja. Da kin karɓa, mako guda za a yi ana maganarki a manta. Yanzu kuwa har jikokinmu sai sun ji matar da ta rataye alkyabba a masai. Wannan ai ratsa kasuwa ne da ya fi na da. To ni me zan ce wa Alhaji?"

Ta karɓe ganyen daga hannuna, ta dube ni daga sama har ƙasa, tafiyar da ba ta da nisa.

Ta ce, "In jikoki sun ji, a bakinka suka ji, don kai ne ba ka da aikin yi. Ni dai yarinyar nan ta yi wanka. Ka ce wa Alhaji na karɓa, na gode, ta kuma yi mini daidai. In yana son abarsa ya zo ranar arba'in, ya taho da sabulu. Kai kuma matsa mini daga hanya, ruwana na hucewa."